Yadda Ake Tarewa a Siririn Jirgin Kanal Kafin a Kama Hanya

Jirgin da mutanen Ingila ke kira narobot faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, wato mita 2 da ɗan ɗoriya. Dogon mutum in ya tsaya a tsakar ɗakinsa ya ware hannuwa, saura ƙiris ya taɓa bango da bango. Tsawonsa kuwa yana iya kai wa ƙafa 70 ko 72. An ƙera shi siriri haka ne don ya iya shiga ƙananan lok masu faɗin ƙafa 7 na tsakiyar Ingila, waɗanda aka gina fiye da shekara 200 da suka wuce, zamanin da doki ke jan jirgin kwal yana tafe a bakin ruwa. Kanal ɗin irin wanda manoman rani suka sani ne, hanyar ruwa da aka haƙa, sai dai wannan don sufuri aka yi shi. Lok kuma ɗaki ne mai ƙofofi a gaba da baya, wanda ake cika shi da ruwa ko a zuƙe shi domin jirgi ya hau tudu ko ya sauka. Tun 2012 hukumar Canal & River Trust ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales.

Ba a neman lasin tuƙi kafin a ba ka hayar jirgin. Ma'anar haka ita ce duk ilimin da za ka samu kafin a damƙa maka ƙarfe mai nauyin tan 15 ko fiye shi ne na awa ɗaya ko biyu da za ka yi da ma'aikacin kamfani a bakin ruwa. Jirgin nan gida ne da ke samar da wutarsa, yake ɗauke da ruwansa, yake kuma ɗauke da bayan gidan mutanen cikinsa. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da iyaka, kuma ranar farko ake sanin iyakar.

Tun daga gida

Kada a zo da akwati mai tauri. Babu inda za a ajiye shi, zai tare hanyar wucewa ne har a dawo. A zuba kaya a jakunkuna masu laushi waɗanda ake naɗewa a cusa ƙarƙashin gado. In dole sai da akwati, a kwashe kayan a mai da shi but ɗin mota.

Takalmi mai tafin roba wanda ba ya santsi, shi ne na farko a lissafi. Silifas na cikin ɗaki ne kawai, ba a taka gefen jirgi ko ƙofar lok da shi. Sai rigar ruwan sama, rigar sanyi ko da bazara ce a can, safar hannu mai kauri don igiya da ƙarfe, da tocila ga kowane babba. Mai sa doguwar riga ko mayafi mai ja a ƙasa ya tanadi wanda zai tsuke jiki lokacin aikin lok, domin haƙoran ƙarfen wurin cike suke da baƙin giris kuma suna kama tufafi. A zo da buta, ba za a same ta a jirgin ba.

Cefane a yi shi kafin a iso. Kanal yana bin bayan gari da gonaki, kantin ƙauye kuma ƙarami ne. Mai neman naman halal ya saya a babban gari kamar Birmingham, Coventry ko Leicester. Firij ɗin jirgi ɗan ƙarami ne, bai wuce na ƙarƙashin tebur ba, don haka ɗanyen nama na kwana biyu ko uku ya isa, sauran a cike da busasshen kaya: shinkafa, taliya, gari, kifin gwangwani.

Abu biyu kuma a faɗa wa kamfani tun kafin ranar: shekarun yara da girmansu don a tanadi rigunan ceto daidai da su, da kuma ko akwai mai kwana da na'urar taimakon numfashi ko wani injin asibiti mai buƙatar wuta har safe. Ba kowane jirgi ne baturansa ke ɗaukar wannan ba.

Loda kaya

Yawanci ana karɓar jirgi da rana, wajen ƙarfe 2 zuwa 3, a mai da shi da safe wajen ƙarfe 9 ranar ƙarshe. A iso da wuri. Wanda ya makara sai a yi masa bayani a gurguje, ko ya kwana a wurin.

Wajen shigar da kaya a yi layi: ɗaya a bakin ruwa yana miƙawa, ɗaya a jirgi yana karɓa. Kada wanda hannuwansa biyu ke cike ya tsallaka, nan ne waya da makullin mota suka fi faɗawa ruwa. Makullin motar ma a samu aljihun jaka a kulle shi, ba za a buƙace shi ba sai an dawo. Kaya masu nauyi, irin su katan ɗin ruwan sha da buhun shinkafa, a raba su hagu da dama, a ƙasa. Jirgin siriri ne, in nauyi ya taru a gefe ɗaya zai karkace, ƙofofin kabad su riƙa buɗewa da kansu, ruwan wanka ya ƙi bin magudanarsa. Kwalabe da kofuna a sa su inda ke da kariya, domin ko gwani yana ɗan bugun bangon lok.

A raba makwanci tun da rana. Gadon mutum biyu a yawancin jiragen faɗinsa ƙafa 4 ne kacal. Teburin cin abinci kuma yakan sauka ya zama gado, sai a ce ma'aikaci ya nuna yadda ake haɗa shi, don ba abin da za a tsaya laluba ba ne ƙarfe 10 na dare yara na gyangyaɗi. Masu tashi da asuba su kwana kusa da banɗaki da ƙofa, tunda hanyar wucewa ɗaya ce tak daga gaba zuwa baya.

Zagayen jirgi da ma'aikacin kamfani

Aƙalla manya biyu su tsaya a wannan bayani, ɗaya ya ɗauki bidiyo da waya. Duk abin da aka nuna, ka ce a bari ka yi da hannunka sau ɗaya. Gani ya kori ji, amma a nan taɓawa ta fi duka biyun.

Ana farawa daga baya, inda inji yake a ƙarƙashin katakon da matuƙi ke tsayawa. Injin dizal ne. A kula da wani abu a nan: mun saba kiran dizal da sunan gas, amma a jirgin nan gas na girki ne kawai, kada sunan ya rikita ku in kuna waya da kamfani. Za a nuna maka sandar gwada baƙin mai, da murfin ruwan sanyaya inji wanda ba a buɗewa sai inji ya huce, da famfon da ke zuƙe ruwan da ya taru a gindin jirgi. Wajen tayarwa, a tabbata giya na firi, a murɗa makulli zuwa wurin ɗumama inji na kamar daƙiƙa 10, sannan a tayar. Ka tambayi yadda ake kashewa, domin a wasu jiragen murɗa makulli ba ya kashe inji, sai an danna maɓalli ko an ja wani ƙarfe.

Sai akwatin farfela, wanda ya fi komai muhimmanci a wannan zagaye. Wani akwatin ƙarfe ne a saman farfela daidai, mai murfi da sandar ɗaurewa. Leda, igiya, tsumma, zaren kamun kifi, har waya, duk suna naɗe farfela. Alamar ita ce jirgi ya rage gudu alhali inji na ƙugi, sandar tuƙi ta riƙa karkarwa a hannu, wani lokaci baƙin hayaƙi ya fito. Da farko a gwada ɗan ribas mai ƙarfi na daƙiƙa kaɗan, sau da yawa yakan warware. In bai warware ba, a tsaya a ɗaure jirgi, a kashe inji, mai sa hannun ya cire makulli ya sa a aljihunsa. Ba a teburi ba, ba a hannun wani ba, a aljihunsa. Sannan ya kwance sandar, ya ɗaga murfi, ya zura hannu cikin ruwan sanyi ya lalubi farfela a hankali saboda ƙugiyar kifi. In an gama, a mai da murfin ya zauna daram a kan robarsa, a ɗaure sandar tamau. Daga nan a ta da inji, a sa giya jirgi na ɗaure, a leƙa a ga ko ruwa na tsartuwa ta gefen murfin. Dalilin wannan duka shi ne farfela na watsa ruwa sama da ƙarfi, in murfin bai zauna ba ruwan cikin jirgi zai zuba, a ƙarƙashin ƙafafunka inda ba ka gani. Jirage sun nitse ta wannan hanya.

Kusa da shi akwai ɗan famfon giris mai hannun murɗawa, wanda ke tura giris inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi. Kowace yamma bayan an kashe inji a murɗa shi har a ji ya yi tauri. In aka manta, ruwa zai yi ta ɗiga cikin gindin jirgi dare farai.

Wuta

Batura kashi biyu ne: ɗaya na ta da inji shi kaɗai, sauran na fitilu, firij, famfunan ruwa da caji. An raba su ne don ko kun cinye wutar ɗaki inji ya tashi da safe. Babu abin da ke cika su sai gudun inji, kuma ana buƙatar kamar awa 4 zuwa 5 kullum. Ranar da kuka yini a wuri ɗaya sai a ta da inji a tsaye. Amma dokar hukumar kanal ta hana kunna inji ko janareta a wurin kwana daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Wanda ya ga wutarsa ta yi ƙasa ƙarfe 9 na dare ba shi da abin yi sai kashe fitilu.

Wutar soket irin ta gida daga inbata take fitowa, tana juya bolt 12 na batir zuwa 230. Ka tambayi ƙarfinta da inda ake kashe ta. Duk abin da ke ɗumama abu da lantarki, dutsen guga, tukunyar shinkafa ta lantarki, butar shayi ta lantarki, na'urar busar da gashi, a bar su a gida. Ko dai su kashe inbata nan take ko su tsotse batura cikin ɗan lokaci. Wayoyi da kwamfuta a yi cajinsu da rana inji na gudu, da dare a kashe inbata, domin ko ba ta aikin komai tana shan wuta. Ka nemi a nuna maka allon fis da babban makashin batura.

Ruwan zafi ma daga inji yake. Zafin inji ke ɗumama wani tanki, don haka wanka ya fi daɗi da yamma bayan tafiya. Da asuba ruwan ya huce, sai dai in an kunna na'urar ɗumama ɗaki, wadda a jirage da yawa ita ma tana ba da ruwan zafi. Ita ma ka kunna ta ka kashe a gaban ma'aikaci.

Gas da iska

Tukwanen gas suna cikin akwatinsu a waje, a gaba ko a baya. Ka san inda makashinsu yake da yadda ake komawa kan ta biyu in ta farko ta ƙare. Gas ya fi iska nauyi. A gida in ya zuba yakan bi ƙofa ya fita, a jirgi kuwa gangarawa yake ya kwanta a gindi, ba shi da mafita. In aka ji warinsa: a kashe duk wani harshen wuta, a rufe tukunyar gas, a buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita, kada a taɓa ko da makunnin fitila, a kira kamfani daga waje.

A rufi akwai ƙananan huluna na ƙarfe, a ƙofofi kuma akwai raga. Mashigar iska ce. In dare ya yi sanyi hannu yakan kai ga tsumma don a toshe su. Kada a yi. Wanda ya san abin da hayaƙin janareta ko kaskon gawayi ke yi a rufaffen ɗaki ya san dalili, iska ɗaya ce, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tun Afrilun 2019 tilas ne irin waɗannan jirage su kasance da na'urar gargaɗinta. Ka danna maɓallin gwaji ka ji ƙararta, ka gwada ta hayaƙi ma. Ba a ɗumama ɗaki da murhun girki, ba a kuma shigo da gawayin gashi cikin jirgi ko da ya yi kamar ya mutu. Ka ga inda tukwanen kashe gobara suke da bargon wuta na kicin, ka tabbata ƙofar gaba da ta baya duka suna buɗuwa daga ciki ba tare da neman makulli ba.

Ruwa da banɗaki

Tankin ruwa yana gaba, lita ɗari huɗu ne ko biyar ko fiye, gwargwadon jirgi. Adadin ya yi kamar da yawa, amma mutum shida masu wanka da wanke-wanke da alwala sau biyar za su iya ganin ƙarshensa cikin kwana biyu. A cika kullum. Famfunan bakin kanal a kulle suke, makullin hukuma da ke cikin makullan jirgi ne ke buɗe su. A bar ruwa ya gudu ta tiyo na minti ɗaya kafin a zura shi a tanki, kada bakin tiyo ya taɓa ƙasa ko ruwan kanal. Cikawa na iya cin rabin awa. Ka dubi murfin da kyau tun yau: na ruwa daban, na dizal daban, na zuƙe masai daban, kuma duka ukun zagayayyun ƙarfe ne masu kama da juna. Tiyon ruwa a bakin tankin dizal yana kashe hutu gaba ɗaya.

Wurin wanka yana ƙasa da fuskar ruwan kanal, ruwansa ba ya fita da kansa. Akwai maɓallin famfon da ke zuƙe shi, in ba a danna ba sai ya cika ya malalo kan daɓe. A jiƙa jiki, a rufe, a sa sabulu, a ɗauraye. Ruwan wanka da na kwanuka kai tsaye kanal yake zuba, don haka kada a tuttula mai ko bilic a ciki. In ka ji famfon ruwa na gurnani ba wanda ya buɗe komai, ko dai tanki ya ƙare ko akwai yoyo, a kashe makunninsa a duba.

Masai iri biyu ne. Akwai mai babban tanki wanda ake zuƙewa da inji a tashar jirage a biya kuɗi, shi ya fi yawa a jiragen haya, akwai kuma mai ɗan akwati da ake zarowa a kai wurin zubarwa na musamman. Ba abin da ke shiga ciki sai abin da ya fito daga jiki da 'yar takardar banɗaki. Tsumman goge jarirai, audugar mata, ƙunzugu, duk suna shaƙe injin niƙan da ke ciki, gyaran kuma a kanku zai faɗa. Masu tsarki da ruwa su sani duk butar da aka zuba tankin take tafiya, zai cika da wuri fiye da lissafin kamfani. Ka tambayi inda fitilar gargaɗi take, ka kuma sa a nuna maka a taswira inda za a iya zuƙewa a tsakiyar mako.

Kayan aiki

Ka ƙirga su a gaban ma'aikaci: igiya uku, ta gaba, ta baya da ta tsakiya, turakun ƙarfe biyu ko uku da guduma, ƙugiyoyin da ake maƙalawa a ƙarfen bakin kanal, doguwar sandar turawa da mai ƙugiya, katakon tsallakawa, tayar ceto, tiyo, da hannun lok aƙalla biyu. Hannun lok ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar hannun ta da injin niƙa, da shi ake ɗaga tagogin da ruwa ke shiga lok ko ya fita ta cikinsu, in babu shi ba a wuce lok. In ya faɗa ruwa ya tafi, shi ya sa ba a ajiye shi a kan ƙofar lok. Igiyar tsakiya a shimfiɗa ta a rufi, bakinta ya zo inda hannun matuƙi zai kai, amma kada ta yi tsawon da in ta faɗa ruwa za ta isa farfela.

Lambar wayar kamfani ta gaggawa a sa ta a wayoyi biyu. Ƙarfen jirgi yana tare sabis, sau da yawa sai an fito waje ake samu. Gadoji suna da lamba a jikinsu, da ita ake faɗa wa kamfani ko 999, lambar gaggawa ta ƙasar, inda ake. A saba da karanta ta tun daga gadar farko.

Zama da iyali kafin a kwance igiya

Minti biyar ya isa. Yara da duk wanda bai iya ruwa ba su sa rigar ceto muddin suna waje. Ba a tsalle daga jirgi zuwa tudu, takawa ake yi. Ba a tare jirgi da hannu ko ƙafa in zai bugi bango, a bar ƙarfe ya bugi dutse. Ba a zama a rufi in ana dosar gada. In wani ya faɗa ruwa, matuƙi ya mai da giya firi nan take, ya kashe inji in mutumin na kusa da baya, a jefa tayar ceto, a ce masa ya gwada miƙewa tsaye, domin yawancin kanal bai wuce ƙugu zuwa ƙirji ba. Lok ne mai zurfi. Ruwan kanal kuma yana iya ɗauke da cutar da ake samu daga fitsarin ɓera, don haka a rufe ciwo da filasta, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Darasin tuƙi

Sandar tuƙi a baya take, kuma a juye take aiki: ka tura ta hagu, hancin jirgi ya yi dama. Jirgin yana juyawa ne a kan tsakiyarsa, in hanci ya yi dama gindi zai yi hagu, abin da ke sa sabon matuƙi gogar bango ke nan. Ba ya jin sanda sai farfela na tura ruwa, wanda ya tsorata ya mai da giya firi ya rasa tuƙi ke nan. Babu birki, ribas ne birki, kuma yana buƙatar fili kamar tsawon jirgin ko fiye. A ribas kuma kusan ba ya tuƙuwa. Matuƙi ya tsaya a gaban sandar, a bakin ƙofa, kada ya tsaya a gefenta, domin in ƙasanta da ke cikin ruwa ya bugi wani abu sandar na iya share mutum zuwa ruwa.

Iyakar gudu mil 4 a awa, tafiyar mai sauri a ƙafa. In ka ga igiyar ruwa tana fashewa a bakin kanal bayanka, ka yi sauri da yawa. In za a wuce jiragen da ke ɗaure, a sauke inji zuwa mafi ƙarancin gudunsa tun kafin a iso su, in ba haka ba ruwan zai ja su ya tumɓuke turakunsu, mutanen ciki kuma da tukunya a wuta. Ana bin tsakiya inda ya fi zurfi, in an haɗu da wani jirgi kowa ya riƙe damansa, saɓanin titin motar ƙasar. In jirgi ya hau taɓo kada a ƙara wuta gaba, a yi ribas a hankali, mutane su koma ɓangaren da ke da zurfi.

In akwai lok kusa, ka roƙi ma'aikaci ya raka ku na farko. Abu biyu ka riƙe ko ka manta sauran. Na ɗaya, a gindin ƙofofin sama, wato na ɓangaren tudu, akwai dakalin dutse a ɓoye cikin ruwa, an ja farin layi a bango don nuna iyakarsa. In ana sauka, gindin jirgi ya kasance gaba da layin nan, in ba haka ba zai hau dakalin, ruwa ya janye, hanci ya nutse. In aka ga haka, a rufe tagogin ruwa na ƙofofin ƙasa nan take, sannan a mai da ruwa a hankali. Na biyu, kada a bar hannun lok maƙale a kan ƙarfen da ake murɗawa da shi. In sakatar da ke riƙe tagar ruwa ta kuɓuce zai juya da ƙarfin da ke karya haƙori ko hannu.

Zangon farko

Lissafin masu kanal shi ne a haɗa yawan mil da yawan lok a raba uku, abin da ya fito shi ne awannin tafiya. Mil 9 da lok 6 awa 5 ke nan. Ranar farko awa ɗaya ko biyu ta isa, kuma kamfanoni ba sa yarda a yi tafiya da jirginsu bayan duhu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, a Oktoba kuwa wajen 6 an fara neman fitila.

Ɗauki Braunston a misali, mahaɗar kanal ɗin Oxford da na Grand Union. Wanda ya nufi gabas zai tarar da manyan lok 6 nan take, bayansu kuma ramin ƙarƙashin tudu mai tsawon kusan kilomita 2. Wannan ba aikin yammacin farko ba ne. Wanda ya nufi Napton yana da kimanin mil 5 ba lok ko ɗaya, wanda ya yi arewa wajen Hillmorton yana da kusan mil 7. Ko daga ina aka tashi, a buɗe taswira a nemi irin wannan sarari.

Ana kwana ne a ɓangaren da hanyar ƙafa take. Ba a ɗaurewa a bakin lok, ko wurin ɗiban ruwa, ko wurin juya jirgi, ko dab da gada, ko a kan kwana. A matso a hankali, hanci ya fara kusantar tudu, a yi ribas jirgi ya tsaya, mutum ɗaya ya taka da igiyar tsakiya ya riƙe. In akwai zobba ko ƙarfen baki a yi amfani da su. In babu, a kafa turke a ƙasa mai tauri, a karkace shi ya juya wa jirgi baya, a buga har kashi uku cikin huɗu ya shige. Igiyar gaba ta yi gaba, ta baya ta yi baya, kowace a karkace kamar digiri 45, a zagayo da ita a ɗaure a jikin jirgi. Igiyar tsakiya ba ta kwana a ɗaure, tana jan rufi ne, jirgi ya riƙa tangaɗi duk lokacin da wani ya wuce. Kada igiya ta ratsa hanyar ƙafa, kan turke kuma a ɗaura masa farar leda saboda masu keke da masu tafiyar dare.

Alƙibla daga tsakiyar Ingila kudu maso gabas take, kusan digiri 118 daga arewa, amma kanal na lanƙwasa, kowane masauki sai an sake dubawa. A duba a tudu, nesa kaɗan da jirgi, domin ƙarfensa yana ruɗa kamfas ɗin waya. Sai a lura da wata bishiya ko gini a wajen, a shiga a daidaita darduma. In an naɗe tebur, falon yana ɗaukar mutum ɗaya ko biyu.

Kafin a kwanta a murɗa giris, a kashe inbata, a tabbata murhu a kashe yake, a ajiye tocila a kowace ƙofa, a bar taga ɗaya ko biyu a ɗan buɗe, in ba haka ba za a tashi a tarar da raɓa na tsiyaya daga gilasai har kan katifa. Da safe kafin a murɗa makulli: baƙin mai, ruwan inji, gindin jirgi, akwatin farfela da murfinsa. In ƙarfe 8 ta yi a ta da inji, a kwance igiyar gaba da ta baya, a ƙirga turaku da guduma sun dawo cikin jirgi, mai igiyar tsakiya ya tura hanci waje ya tako ta baya.